Aksil ɗin bayan GTI a ƙarƙashin Golf 3 ɗina: in saya ko in haƙura?

Mai Golf Ruwan Toka:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara ce ta kawo ni. Motata Golf 3 ce ƙirar 1995, mai ƙofa huɗu, ba wagon ba, injin 1.8, birkin baya diram. Tun ƙarshen damina bayanta ke yi mini wasa. In na sha kwana da ɗan gudu sai in ji gindin yana lilo kamar kwalekwale, in na faɗa rami kuma sai wani ƙum-ƙum daga ƙarƙashin kujerar baya. Jiya na shiga Ƙofar Ruwa neman shokozoba, sai wani mai shago ya ja ni ya nuna mini aksil ɗin baya sukutum da aka ciro daga Golf ɗin gudun nan, wato GTI, 'yar Beljiyam: ƙarfen, farantan birki, kalifa mai matse su, shokozoba da sifirin ɗinsu, har wayoyin birkin hannu na reto a jiki. Ya ce kwance nawa kawai zan yi in ɗaura wannan, motata ta koma GTI daga baya. Kuɗin ba kaɗan ba ne. Wanda ya taɓa yi ya ba ni labari don Allah.

Direban Layin Katsina:
Wa alaikumus salam. Malam, mu da muke kwana a cikin Golf kullum neman yadda za mu ɗaga bayan muke yi, kai kuma za ka biya kuɗi a sauke maka shi? GTI ta fi taka ƙasa. Ranar da ka ɗauki iyali huɗu a baya da buhun shinkafa a but, tudun rage gudu na farko zai gaisa da salansarka.

Sarkin Kwana:
Ku direbobin tasha komai lodi, komai lodi. Mutum ya ce motarsa na lilo a kwana, ba cewa ya yi zai kai albasa kasuwa ba. Saya kawai Malam. Na sa irinsa a tawa, bambancin kamar dare da rana.

Baba Bakanike:
Yarona, kafin a kai ga saya ko bari, koma ka ƙirga mini noti nawa ke ɗaure tayar wancan aksil ɗin. Taka huɗu ce, wannan na sani ba sai na gani ba.

Mai Golf Ruwan Toka:
Baba, wallahi ban ƙirga ba. Ashe akwai bambanci?

Injiniyan Zariya:
Akwai, kuma Baba ya fara da inda ya dace. Golf 3 na gama-gari, masu injin 1.4, 1.6 da 1.8, noti huɗu ne a kan da'ira mai faɗin milimita 100. Manyan kuwa, wato VR6 mai silinda shida da ƙarfin doki 174, da GTI 16V mai doki 150, da akasarin GTI mai doki 115 da aka sayar a Turai, noti biyar ne a kan wannan da'irar. Idan mai biyar ne ka ɗaura shi yadda yake, ka zama mai wili iri biyu a mota ɗaya. Safaya ɗinka za ta shiga gaba ta ƙi shiga baya. Ka yi tunanin tayar baya ta yi faci tsakanin Kwanar Dangora da Tashar Yari bayan isha'i.

Mai Faci:
Na ga irin wannan da idona. Mutum ya zo da safaya biyu a but, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya, ba wurin ko jakar kaya. Dariya ta hana ni aiki.

Sarkin Kwana:
Wannan ai ƙaramar matsala ce. A Golf 3 farantin birkin baya shi ne ke ɗauke da boris, shi ne kuma ake ɗaure wili a jikinsa. Cire mai rami biyar ka sa mai rami huɗu, girmansu ɗaya, milimita 226. Shi ke nan. Haka na yi.

Injiniyan Zariya:
Nan kam gaskiyarka. Amma kuɗi ya fara ƙaruwa ke nan: faranti biyu, boris sababbi, robar giris. Mai shago bai faɗa masa wannan ba.

Baba Bakanike:
Mai shago sayarwa ya fito. Ni kuma abin da nake so yaron nan ya gane shi ne, ciwon da ya zo da shi daban, maganin da aka nuna masa daban. Lilo a kwana da ƙum-ƙum a rami, a mota mai shekara kusan talatin, bush ɗin aksil ne da shokozoba, in sha Allahu ba ya wuce haka. Aksil ɗin Golf ƙarfe ɗaya ne, yana rataye a jikin mota da manyan bush na roba guda biyu. In suka tsage, ƙarfen gaba ɗaya ke yawo, bayan mota ya rinƙa tuƙa kansa. To wancan na GTI da kake sha'awa, bush ɗinsa shekararsa nawa? Sa'an naka ne. Ya sha gishirin da Turawa ke watsawa a titi lokacin ƙanƙara, ya sha zaman kwantena, ya zo ya sha ranar Kano a ƙofar shago. Za ka sayi tsoho ka maye gurbin tsoho, kana murna.

Maman Biyu:
Allah Ya saka da alheri Baba. Ni tawa Vento ce, kuma an ce mini ƙarƙashinsu ɗaya da Golf 3. Bara ta yi mini irin wannan lilon, har na daina bin hanyar bayan gari da yara. Bush biyu da shokozoba biyu aka canza, na ƙara da tayoyin baya sababbi, ta dawo daidai. Ban san me GTI za ta ƙara wa mai kai yara makaranta ba.

Sarkin Kwana:
Hajiya, da girmamawa, ba kowa ne ya sayi mota don kai yara makaranta ba. Wasunmu tuƙin kansa muke so.

Maman Biyu:
To ƙanena, Allah Ya tsare. Titin dai namu ne mu duka.

Injiniyan Zariya:
Bari in raba kayan nan gida-gida, domin ana ta magana kamar abu ɗaya ne, alhali abu uku ne aka haɗa a ciniki ɗaya, kuma kowanne hukuncinsa daban.

Shi ƙarfen, a ganina shi ne abin so a ciki. Ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya biyu an yi shi ne ya murɗe. Idan taya ɗaya ta hau sama ɗaya ta sauka, kamar a kwana, sai ya murɗe yana turjiya, turjiyar nan ce ke hana mota kwantawa gefe. A na GTI da VR6 akwai sandar sitabilaiza da aka yi wa walda a cikin kwarmin ƙarfen tun daga kamfani, tana ƙara masa taurin murɗawa. Kyawun abin shi ne, idan tayoyi biyu suka hau tudu tare, sandar ba ta aiki, don haka ba ta ƙara wa mota tsalle sosai, ba ta kuma rage mata tsayi ko kaɗan. Ka leƙa ƙarƙashin taka ka gani ko akwai sanda a ciki, in akwai ka gwada kaurinta da na wancan.

Sifirin da shokozoba kuwa, nan nake tare da direbanmu. An yi su gajeru masu tauri don titin Jamus da taya 205/50 a wili 15. An kuma auna su ne tare da na gaban GTI. Kai gabanka na 1.8 ne mai laushi. Baya ya yi ƙasa ya yi tauri, gaba na sama yana lilo, fitilarka ma sama za ta rinƙa haskawa tana kashe wa masu tahowa ido.

Birki shi ne na uku, kuma shi ne wanda ke iya kisa.

Ɗan Maradi:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ina karantawa tun ɗazu ban ce komai ba, amma tunda an zo kan birki bari in faɗi abin da ya same ni, ko wani ya tsira. Shekara uku da suka wuce na sa wa Golf ɗina irin wannan kayan, komai da komai, har sifirin. Sati biyu ina jin daɗi, mota ta kama ƙasa, ina yi wa abokai kuri. Ran nan an yi yayyafi, ina kan kwalta ni kaɗai a mota, akuya ta tsallako. Ban ma taka birki da ƙarfi can ba. Tayoyin baya suka ƙame, gindin ya zagayo, sai ga ni ina kallon inda na fito. Allah Ya sa babu babbar mota a bayana. Da aka duba, ashe wanda ya yi mini aikin bai taɓa bawul ɗin nan na baya ba, yadda ya same shi haka ya maƙala shi.

Mai Golf Ruwan Toka:
Subhanallahi. Allah Ya ƙara kiyayewa. Wane bawul ke nan?

Baba Bakanike:
Kwanta ƙarƙashin motarka kusa da inda aksil ya kama jiki, za ka ga wani ɗan ƙarfe da bututun birki suka shiga suka fita, da ɗan hannu, da ƙaramin sifirin da ya kamo aksil. Shi ne mai raba ƙarfin birki. Ba ya da ido, da tsayin mota yake gane lodi. In bayan ya zauna, sai ya ce an yi lodi, ya saki mai da yawa zuwa baya. In bayan ya tashi, ya ce mota wayam take, ya rage. To ɗan'uwanmu na Maradi ya sa gajeren sifirin, mota ta zauna ba kowa a ciki, bawul ya ɗauka buhu biyar ne a but. Ga kuma faranti a maimakon diram, alhali saitin na diram ne. Ina tayar baya za ta iya da wannan?

Direban Layin Katsina:
Mu a tasha da yawa cire shi ake yi a haɗa bututun kai tsaye. Birki ya fi ci.

Baba Bakanike:
Ya fi ci in kun cika ta da mutum da kaya har rufi. Ranar da ka sauke fasinja ka juyo wayam, aka yi ruwa, ka zo ka ba ni labari in Allah Ya bar ka. Na sha korar yara a garejina a kan wannan. Duk wanda ya cire mini bawul ya ajiye sifana ya tafi gidansu.

Direban Layin Katsina:
Baba shekarata goma sha ɗaya a hanyar nan.

Baba Bakanike:
Ni kuma tun ana sayar da Bitil sabuwa nake kwance a ƙarƙashin mota. Allah ne ke tsare ka, ba dabararka ba.

Shugaban Zaure:
A yi haƙuri, a sassauta. Direba, Baba uba ne. A koma kan tambayar mai tambaya.

Sarkin Kwana:
Ni dai ban yarda a tsorata mutum da labarin akuya ba. Aikin banza aka yi wa na Maradi, ba laifin kayan ba ne. Faranti ya fi diram, shi ya sa kamfanin da kansa ya sa wa manyan motocinsa. Ya fi saurin huce zafi, ya fi sauƙin canza takalmi, ga kyau a cikin wili.

Injiniyan Zariya:
Ya fi saurin hucewa, babu musu. Tambayar ita ce, yaushe diram ɗin Golf mai doki 90 ya taɓa yin zafin da ya gaza? Mota ce mai inji a gaba, in ka taka birki nauyi gaba yake komawa, birkin gaba ke yin mafi yawan aikin. An sa wa VR6 faranti ne saboda mai ita zai iya sauko da ita daga gudun kilomita 200 a babban titin Jamus sau da yawa a jere. Kai a ina za ka yi haka, a Zoo Road? Sannan kalifar bayan Golf 2 da Golf 3 ta yi suna wajen ƙamewa, musamman ɗan hannun da wayar birkin hannu ke ja. A Turai ma masu su kuka suke, har wasu na musanya ta da ta Golf 4 ta alminiyam. Ƙara mata ƙurar hunturu da taɓon damina. Diram a rufe yake, ba ruwansa.

Sarkin Kwana:
Tawa ta ƙame sau ɗaya, na yarda. Amma gyaruwa ta yi.

Baba Bakanike:
Ta gyaru don ka dace da wanda ya san ta. Fistin ɗinta murɗa shi ake yi yana shiga, ba dannawa ba. Yaro ya saba da ta gaba, ya kawo ƙarfe ya danne ta da ƙarfin tsiya, ya kashe zaren ciki, birkin hannu ya tafi ke nan. Kuma wayar birkin hannu ta faranti daban take da ta diram, tiyon mai ma sai an ƙara. Kayan aro ba ya rufe katara, sai ka yi ta ciko.

Mai Faci:
Ni tambayata ɗaya. Me ya kawo aksil ɗin kasuwa? Lafiyayyar GTI ba a yanka ta haka kawai. In ta bugu ta gefe, ƙarfen ya ɗan lanƙwashe, ido ba zai gani ba, taya ce za ta faɗa maka bayan wata biyu, ciki ya cinye waje na nan sabo. Ni riba ce gare ni, amma gaskiya ɗaya ce.

Injiniyan Zariya:
Wannan magana ta fi duk abin da na rubuta. Bayan Golf 3 ba shi da notin saiti. Mai alaimen zai iya auna maka shi ya gaya maka ya karkace, amma babu abin da zai murɗa ya dawo da shi, sai dai a cusa siraran faranti a bayan sandar da taya ke juyawa a kai, shi ma in karkatar kaɗan ce. Ka yi sharaɗi da mai shago a gaban shaida: in an ɗaura an kai alaimen ya nuna a karkace, zai karɓi kayansa. In ya ƙi, ka san dalili. Ka kuma tabbatar ba na Syncro ba ne mai jan taya huɗu, ba kuma na wagon ba, waɗannan ƙirarsu daban.

Ɗan Maradi:
A ƙara da duba tsatsa a wurin waldar sandar nan ta ciki. Nawa na farko da aka kawo mini daga Kwatano gefe ɗaya ya riga ya saki, yana ƙara kamar an saki cokali a tukunya.

Mai Golf Ruwan Toka:
Na koma yau da safe tare da bakanikena. Noti biyar ne kamar yadda Baba ya yi zato. Sandar tana ciki, walda lafiya, kuma da muka leƙa nawa babu kwatankwacinta. Bush ɗinsa duk sun tsattsage, ɗaya har ana ganin haske ta ciki. Shokozoba ɗaya ya jiƙe da mai. Da na nuna masa sai ya fara sauko da kuɗi. Yanzu tunanina, in ɗauki ƙarfen kawai, in mayar da diram ɗina da sifirin ɗina a kai. Zai yiwu?

Baba Bakanike:
Yanzu ka zo gida. Zai yiwu. Sandar taya noti huɗu ne ke riƙe da ita a jikin aksil, su ne kuma ke riƙe da farantin da takalman diram ke zaune a kai. Kwance nasu, ɗaura naka. Amma ka saurare ni da kyau. Ka duba ko ƙarfen na da wurin da sifirin ɗin bawul zai kama, don wasu masu ABS, na'urar hana taya ƙamewa, ba bawul suke amfani da shi ba. Bush sababbi na kirki, ba na leda marar suna ba, kuma suna da fuska, ba yadda aka ga dama ake dura su ba, a duba yadda tsohon ya zauna kafin a fitar da shi. Da injin matsi za a shigar, kada in ji an sa guduma ko an ƙona da wuta. Manyan notin bush kuma kada a ƙarasa ɗaure su mota na rataye a jak. A sauke ta ta tsaya da ƙafafunta tukuna. In aka ɗaure a sama, robar a murɗe za ta zauna, wata shida ba za ta yi ba.

Sarkin Kwana:
Wato za ka sayi GTI ka cire mata GTI ɗin. Allah Ya ba da sa'a.

Injiniyan Zariya:
Ya ɗauki wanda zai ji a hannunsa ya bar wanda zai gani da ido. Sai dai Malam, ko ƙarfen kaɗai zai canza halin motar, ka san da haka. Mota mai jan gaba in aka taurara bayanta, hancinta ya fi saurin shiga kwana, abin da ake so ke nan. Amma in ka shiga da gudu ka tsorata ka ɗage ƙafa daga totur a tsakiyar kwana, nauyi zai koma gaba, baya ya yi sako-sako, yana iya zamewa. Golf ma har ɗaga tayar ciki ta baya take yi. Don haka tayoyinka mafi kyau su koma baya, kada ka bi al'adar nan ta tura wa baya sanƙararrun da gaba ya gama ci.

Maman Biyu:
Wannan ta taya ban taɓa ji ba. Ni kullum gaba ake ce mini in sa sababbi.

Mai Faci:
Haka kowa ke cewa Hajiya, ni ma haka na taso na ji, saboda gaba ke ja kuma shi ke saurin cinyewa. Amma gaba in ya zame kana da sitiyari a hannu. Baya in ya tafi sai salati.

Mai Golf Ruwan Toka:
'Yan zaure, ga rahoto bayan kwana tara. An ɗaura ƙarfen GTI da bush sababbi, shokozoba sababbi masu gas, sifirin ɗina na asali, diram ɗina. An zuba sabon man birki DOT 4, an fitar da iska, an saita bawul mota na tsaye a ƙasa. Alaimen ya nuna gefen biyu sun yi daidai da juna. Na je Zariya na dawo ran Asabar. Ƙum-ƙum ya tafi, lilo ya tafi, a shataletale ba ta kwantawa kamar da. Tsayinta na nan, na ɗauki mutum uku a baya ba ta taɓa ko'ina ba. Gaskiyar da zan faɗa ita ce, ban san nawa ne aikin sandar GTI nawa ne aikin sababbin bush ba, tunda rana ɗaya aka sa su. A burji kuma ta ɗan fi girgiza kai gefe da gefe, uwargida ta lura tun kafin in faɗa. Faranti da kalifa suna cikin buhu a gareji, dole sai da na haɗa da su mai shago ya yarda.

Maman Biyu:
Da ka tambaye ni, bush ɗin ne.

Sarkin Kwana:
Sandar ce. Malam, kalifofin nan in ba ka so ina so, tawa ta hagu ta fara yi mini nauyi. Zan yi maka magana ta gefe.

Baba Bakanike:
Madalla. Boris ɗin da kuka mayar, sababbi ne ko tsofaffin? Ko wanne ne, ka koma ran Asabar a ɗaga ta a girgiza tayar da hannu biyu. Notin ba a ɗaure shi tamau, washar ƙarfen da ke bayansa ta rinƙa ɗan motsawa in an tura ta da bakin sukundireba. Kuma a sa sabon fil mai kulle notin, na san halin yaran nan, tsohon suke miƙewa su mayar.